Sarƙar da Na Wanke a Kumasi

A Bawku direban ya zubar da mu. Tun daga Malanbil yake rantse-rantse wai har cikin Kumasi zai kai mu, amma da muka tsallaka iyaka sai ya ce inji ya yi zafi, kowa ya sauko ya sha iska. Muna tsaye a bakin titi ya juya kan motarsa ya tafi. Buhun da na ɗaure gero da kuka da daddawa, tsarabar mijina, yana can saman motar. Abin da ya rage mini shi ne Balki a bayana, shekararta biyu da 'yan watanni, sai ƙullin zannuwa biyu da wata takarda da aka rubuta mini sunan wurin aikin mijin nawa, Sale: Magazin.

Ni mutuniyar Kamba ce, kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Gaya ba. Kwana biyu na yi a tashar Bawku ina kallon ƙafafun mutane. Wata mai koko, Bakusasa 'yar ƙabilar yankin, ba ta jin Hausa sosai, ita ta lura Balki ba ta kuka kuma ba ta wasa. Ta dama mata koko da sukari, ta riƙa ba ta da cokali tana yi mini faɗa da harshenta. Ita ce ta haɗa ni da wani mai motar albasa. A kan buhuna muka zauna har Tamale, daga Tamale har Kumasi, idanun Balki suna ta ruwa, ni kuma ina taɓa goshinta kamar mai duba tukunya a wuta. Ban tambayi sunan mai kokon ba. Har yau abin yana damuna.

Na zaci Magazin gareji ne guda, mai ƙofa ɗaya, in shiga in ce ina Sale. Ashe gari ne na ƙarfe. Ƙasa baƙa da mai, guduma ta ko'ina, Sale kuwa ya fi goma. Rana ta uku na samu wani mutumin Doso da ya san nawa. Yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, a haka ya gaya mini Sale ya bi 'yan Libiya tun kafin azumi. Na tambaya ko ya bar saƙo. Ya ce wa wani ya miƙo masa sifana.

Magajiyar masu albasa ce ta kai ni Dicemso, gidan Hajiya Memuna. Gida ne mai bene, kakanta ya gina shi da kuɗin goro. Hajiya doguwa ce, mai sanyin murya, ba ta taɓa ɗaga ta ko tana zagi. Ba ni ta fara duba ba, Balki ta duba. Ta juya ta, ta kalli kumatunta, ta ce yarinya mai shiga rai ce, za ta yi amfani. Na ɗauka yabo ne, har na yi godiya.

Aikin da ta ba ni shi ne musaya. Kowace safiya ta cika mini kwando da sababbin sarƙoƙi da 'yan kunne masu ƙyalli, irin na kasuwa, marasa nauyi. Ni kuma in goya Balki in shiga gidajen zango, Aboabo, Sabon Zango, Krofrom, in nemi tsofaffin mata. In gaishe su, in zauna, in bar su su yi wa yarinya wasa. Hajiya ta ce tsohuwa ba ta buɗe adakarta ga ɗan kasuwa, amma tana buɗewa ga mai goyo. In hira ta yi daɗi sai in fito da sababbi, in ce ko Mma tana da tsofaffin da suka dushe, a canza mata. Ba gwal na gaske ake nema ba, wannan kowace tsohuwa ta san inda ta ɓoye nata. Na ƙarya ake nema, kayan kwalba da tagulla da aka yi musu ruwan gwal, irin wanda amare suka yi ado da shi zamanin kakanninmu.

Ta rataya mini wani ɗan madubi mai ƙara girma a wuya, ta nuna mini tambari uku da zan duba a bayan maɓalli. Ɗaya kamar kambin sarki, ɗaya harafi ne mai doguwar wutsiya, ɗaya kuma kamar ɗan doki mai fukafukai. Na tambaye ta me ake yi da tsofaffin. Ta ce maƙera ke narkarwa su cire tagulla. Ban ƙara tambaya ba, duk da na ga yadda take naɗe kowanne cikin auduga, ta ɗora a farin ƙyalle ta ɗauki hotonsa da waya. Na ce a raina kowane gari da irin maƙeransa.

Adakokin nan duk warinsu ɗaya, kafur da tsohon turare. Wasu tsofaffin murna suke yi, su rataya sabuwar sarƙa nan take su kira jikoki su gani. Wasu sai sun riƙe tsohuwar a tafin hannu sun daɗe kafin su saki. Akwai wadda ta biyo ni har bakin titi ba takalmi ta ce ta fasa, na yi kamar ban ji Hausarta ba.

A Krofrom na samu Mma Azumi. Ɗakinta na can ƙuryar gidan haya, bayan wurin wanka. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take rarrabewa. Ranar farko ta shafa fuskar Balki da hannu, ta ce a zubo mana tuwo da miyar ayoyo, ta hana ni tashi sai da na cinye. Jikata take ce mini. Daga nan duk Juma'a da hantsi sai na ratse wurinta, in tsefe mata kai, in yanke mata farce. Ba wanda ya sa ni. A duk Kumasi nan ne kawai nake zama ba tare da ina tunanin abin da zan ce ba.

Juma'a ta huɗu ta ciro wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin katifa. Sarƙa ce da 'yan kunne da awarwaro da fil na ƙirji, duk saiti ɗaya, duwatsunsu kore shar kamar ganyen rama bayan ruwa. Ta ce maigidanta ya sayo a kantin kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, da ke Adum, shekarar da ya fara kai goro arewa da mota. Bai taɓa ce mata yana sonta ba, wai a zamaninsu ba a faɗi, sai dai ya ajiye gwangwanin a kan tabarma ya fita. Duk Juma'a takan rataya sarƙar na ɗan lokaci, ta zauna da ita, sannan ta mayar. Ranar ni na maɓalla mata. Na sa madubi a bayan maɓallin, sai ga kambi, fes, kamar jiya aka buga. Na ce ko tana son sabuwa. Ta yi dariya ta ce ko gidan nan aka ba ta ba ta so. Ban gaya wa Hajiya ba.

Wata biyar ina wannan aiki. Balki ta fara tari, ni kuma kewar gida ta hana ni cin abinci. Na ƙudura zan roƙi Hajiya ta sallame ni, amma ina so in same ta cikin farin ciki. A lokacin ta samo wata sarƙa da kanta, ba ta hannuna ba, babba mai jeri uku na shuɗɗan duwatsu. Ta ajiye a faranti saman kabad, ta ce ranar Asabar baƙuwa za ta zo dominta. Na leƙa na ga sarƙar duk ta dushe, wani koren datti ya cika lungunanta. Kunya ta kama ni a madadin Hajiya. A garinmu ko tasa ba a fitar wa baƙo da ita haka. Kafin Sallah uwata takan tara mu da toka da lemun tsami, mu dirje awarwaro da zobba da kwanonin jere har mutum ya ga haƙoransa a ciki.

Ranar Juma'a Hajiya ta tafi suna Aboabo. Na dawo daga Krofrom na ɗumama ruwa, na matse lemo huɗu, na jiƙa sarƙar. Na tankaɗe toka mai laushi, na sa soso na bi ta dutse dutse. Ina yi ina waƙa. Da na ɗauraye, wallahi ta yi kyau, ta haska har Balki ta miƙo hannu. Na shanya ta a rana.

La'asar na je ɗauka. Duwatsun sun mutu. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka. Sun yi fari-fari kamar idon kifin da ya kwana, bayan kowanne akwai baƙin tabo. Ruwan gwal ɗin ya bi soso, ƙarfe ya fito toka-toka. Duwatsu uku na tsinto a gindin roba. Tambarin ma sai da madubi ake ganin inda ya taɓa zama.

Hajiya ta dawo ta gani. Ta mayar da sarƙar kan faranti, ta ce gobe ni zan miƙa wa baƙuwa da hannuna.

Baƙuwar Ba'asantiya ce, Madam Akosuwa, dattijuwa mai furfura da tabarau. Ta daɗe a Turai, amma a Dicemso ta tashi, tana jin Hausar zango. Ba ta sayarwa, tarawa take yi, wai tana da ɗaki guda na irin waɗannan kaya, kowanne da takardar tarihinsa. Na durƙusa na miƙa farantin. Ta ɗauki sarƙar da yatsu biyu, ta juya, ta sake juyawa. Ta tambaya wa ya sa mata ruwa. Hajiya ta nuna ni da haɓa.

A ranar na ji abin da aka ɓoye mini wata biyar. Madam ta ce bayan kowane dutse akwai wani ɗan azurfa siriri fiye da ɓawon albasa, shi ke mayar da haske, in ruwa ya shiga ya ruɓe, kuma ba mai iya gyarawa. Ta ce duwatsun a wasu ƙauyukan tsaunuka na Turai aka yanke su, gida gida, uba na goge kwalba a dutsen niƙa, 'ya'ya na tsincewa, ƙurar na shiga ƙirjinsu. Bayan babban yaƙi, maƙeran zinariya da suka gudu suka rasa komai suka tsallaka teku, suka koma ƙera na ƙarya da hannun da suka saba ƙera na gaske, don matar da ba ta da hali ita ma ta yi ado. Mata ne ke zama a layi cikin masana'anta, kowace da hantsaki, suna dasa duwatsun ɗaya bayan ɗaya har idonsu ya lalace. Sunan mai masana'anta ne a bayan maɓalli, nasu ba ya ko'ina. Masana'antun duk sun rufe. Dattin da na kankare, ta ce, shi ne shaidar shekarun sarƙar.

Tana magana hawaye na bin gefen tabaraunta. "Wani mace ya zauna kwana da kwana a kan wannan," in ji ta. "Ya tsira daga teku, ya tsira daga shekara saba'in. Kai ka kashe shi da lemo."

Ta yi wa matan nan kuka sosai, matan da suka daɗe a ƙasa. Ni da nake durƙushe gabanta da goyo, ba ta tambayi sunana ba. Ta goge ido ta ce wa Hajiya in an samu wani cikakken saiti mai kambi a kira ta.

Bayan ta fita Hajiya ta jefo mini sarƙar a cinya, ta ce in riƙe, tawa ce. Sannan ta kwance Balki daga bayana da hannunta, a hankali, har tana yi mata wasa. Ta ce rana na dukan yarinya a yawon da nake yi, shi ya sa take tari, za ta kai ta wurin 'yarta a riƙe ta. Na tambaya wace unguwa. Ta ce unguwa mai kyau. Na kama ƙafarta. Ta dube ni daga sama.

"Kin ji abin da Madam ta ce. Cikakken saiti, mai kambi. Ranar da kika kawo, ki ɗauki 'yarki."

Na je wurin wani dattijon unguwa da ake kai wa ƙara. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce riƙo ai ba sabon abu ba ne, shi ma gwaggonsa ce ta riƙe shi. Hajiya 'yar gidan mutunci ce, ta ɗauke mini nauyi, kamata ya yi in gode. Ya tambaya ko ina da takardar zama a ƙasar. Na ce a'a. Ya ce to, in bi a hankali.

Wata huɗu na yi ina yawo ba goyo. Ƙofofin da suke buɗewa da, suka daina. Tsofaffi su amsa sallama daga ciki su ce ba su da komai. Bayana ya riƙa yi mini sanyi, sai na koma ɗaura zani biyu. In na ji tarin yaro a torotoro, motar haya, sai na juya. Na bi unguwannin da ban sani ba ina leƙa tsakar gidaje, har wata mata ta watsa mini ruwan wanki ta ce ɓarauniyar yara ce. Sau biyu Hajiya ta nuna mini hoton Balki a waya, cikin riga mai kyau, an yi mata kitso da 'yan duwatsu. Ta ce in duba yadda ta yi ƙiba. Na samo fil mai kambi, ta ce fil ba saiti ba ne. Na samo 'yan kunne da sarƙa, ta ce ina awarwaro.

Duk wannan lokaci ban fasa zuwa Krofrom ranar Juma'a ba. Mma Azumi ta tambayi yarinya, na ce tana wurin riƙo, ban ƙara komai ba. Ta ce muryata ta canza. Nakan maɓalla mata sarƙarta, in zauna ina kallon koren duwatsun nan a wuyanta, in ce a raina ba zan yi ba. Juma'a goma sha shida na faɗi haka.

Ta goma sha bakwai na tafi da matacciyar sarƙar a ƙugu, da wasu tsofaffin 'yan kunne da awarwaro da fil da Hajiya ta ƙi. Na tsefe mata kai kamar kullum. Da ta shiga kewaye tana lalube da sanda, na ɗaga katifa. Na juye nata cikin zanina, na zuba nawa a gwangwani, na mayar.

Da na tashi tafiya tun kafin ta fito, da shi ke nan. Amma sai na koma na zauna. Ta dawo ta zauna, ta jawo gwangwanin, ta ce jikata zo ki sa mini. Na ɗauko shuɗiyar na zagaya wuyanta na maɓalla. Ta ɗora hannu a kai. Yatsunta suka bi jeri na farko, suka sauka na biyu, suka sauka na uku. Tata jeri biyu ce. Suka tsaya a ramin da dutse ya fita.

A waje wata na daka fufu, ina jin kowace saukar taɓarya.

"Don yarinyar ne?" ta ce.

Na ce e, Mma.

"Da kin roƙe ni, da ban ba ki ba." Ta kai hannu bayan wuya tana neman maɓallin, na matsa zan taimaka, ta ture ni. "Kada ki taɓa ni. Tashi ki je ki karɓi 'yarki. Amma ki ji da kunnenki, ban yafe ba. Kada ki ƙara tako mini ƙofa."

Na fita na bar ta tana kokawa da maɓallin da ba ta saba da shi ba.

Hajiya ta duba saitin da madubi, guda guda. Ba ta tambayi inda na samo ba. Ta ce tun farko ta san ina da wayo, lalaci ne ya yi mini yawa. Ta kuma ce gara in bar garin a ranar, kafin masu kaya su biyo sawu, don in sun zo ita ba ta san ni ba. Ta buga waya. Kafin la'asar wata mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yar Hajiya ta fito riƙe da hannun Balki.

Ta yi tsawo. Tarin ya warke, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. An sa mata takalmi mai fitila. Na durƙusa na buɗe hannu na kira sunanta. Ta dube ni, ta dubi zanina, ta koma bayan 'yar Hajiya ta riƙe mata siket. Matar ta ce mata da Turanci da Asantanci ta je, ta je wurin Anti. Haka yaran gidan suke kirana, ita ma haka aka koya mata.

Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya. Na ɗaure ta a baya tana dukan kafaɗata tana kiran Mami, Mami. A tashar Krofrom mutane suka riƙa kallona, wani ɗan kamasho ya tare ni ya ce yarinyar ta waye. Na ce tawa ce. Ya tambaye ta da Asantanci, ta girgiza kai. Da ba don wata mai sayar da burodi da ta san ni da goyo tun farkon zuwana ba, da ban hau motar nan ba.

Ta yi kuka har Tecciman. Na ba ta ƙosai ta watsar. Na yi mata waƙar da nake yi mata tun tana nono, ta toshe kunne. Wajen Kintampo muryarta ta dushe, ta zauna a cinyata a sandare, ba ta jingina da ni ba, tana kallon itatuwa ta taga. Ni kuma ina kallon bayan wuyanta, inda wata ta yi mata kitson da ban iya ba.

Mun kusa Tamale ta juyo. Karo na farko ke nan da ta dube ni da kanta. Ta ja mini gefen mayafi a hankali, irin yadda yaro mai tarbiyya ke yi wa baƙo.

"Anti," ta ce, "yaushe za mu koma gida?"

Na ce mata gobe.